Na Dawo Daga Dawa Hannu Rabbana, Kuma Ban Yi Asara Ba

Duk shekara, da zarar an kammala girbi an kai amfanin gona rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa, nakan tsakuri 'yan kwanaki daga hutun jami'a in tafi ƙauyenmu da ke kudancin Jihar Kano, can inda duwatsu suka fara tasowa a kan hanyar Jos. Abokan aikina sun san abin da ke kai ni. Saboda haka idan na dawo, tambayar farko da ake tarbata da ita a ɗakin hutawar malamai ita ce: “Dakta, ina tsarabar dawa?” A 'yan shekarun nan amsata kusan ɗaya ce, wato babu. Sai a kwashe da dariya. Wani abokina masanin tattalin arziki ya taɓa zama ya yi mini lissafi a bayan wata tsohuwar takarda, ya haɗa kuɗin mai da na guzuri da kwana ukun da na ɓatar, ya ce da kasuwar Wudil na nufa da kuɗin, da na dawo da ɗan akuya mai ƙiba ba tare da ƙaya ta soke ni ba. Lissafinsa daidai ne, ban kuma musa masa ba. Sai dai akwai abin da lissafin bai ƙunsa ba, wanda ni kaina na kwashe fiye da shekara ashirin ina shiga dawa kafin in gane shi. Shi nake so in bayyana wa mai karatu a wannan mako.

A gidan farauta na tashi. Baffana, ƙanen mahaifina, maharbi ne, kuma a ƙasar Hausa akwai bambanci tsakanin maharbi da ɗan farauta. Ɗan farauta shi ne wanda ke fita cikin gayya da rani, idan aikin gona ya ƙare. Akan buga ganga tun dare a sanar da dajin da za a shiga, da safe samari su hallara da karnuka da gora da kere da adda, a yi jeri a kutsa cikin sabara da kalgo ana ihu ana kirari, duk abin da ya tashi a rufa masa. Shi kuwa maharbi shi kaɗai yake tafiya, ko shi da yaronsa, da baka da kwari a zamanin da, daga baya kuma da bindigar toka wadda ake ɗura wa albarushi. Hayaniya ita ce ƙarfin gayya, shi kuwa maharbi da shiru yake cin abinci. Ni dai, kamar kowane yaro, hayaniyar ce ta fara jan hankalina.

Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara bin gayya. Ba zan manta da zomon farko da na rataya ba, ko da yake in za a bi gaskiya kare ne ya kama shi, ni dai na riga sauran yara isa wurin ne, bayan gudun da ya tabbatar mini da maganar Hausawa cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na shiga gari da shi a kafaɗa, na bi ta hanya mafi nisa don kowa ya gani. Tun daga ranar ma'aunina ya zama ɗaya tak: me na kawo, kuma nawa ne? Ranar da na samu, farauta ta yi kyau. Ranar da ban samu ba, sai in shigo gida ta bayan danga, in kwanta ko tuwo ban ci ba. Na ga yadda manyan samari ke zare wuƙaƙe a kan gada guda, kowa na cewa shi ya fara jifa, har sai dattawa sun shiga tsakani, kuma a lokacin ban ga aibin hakan ba, don ni ma haka zuciyata take.

Da na shiga jami'a na fara samun 'yan kuɗi, sai na koma bin Baffa da bindiga. Amma halin gayya na tafi da shi. Idan muka tarar da garken zabin daji ko fakara, burina in zubar da iya abin da zan iya. Har wani ɗan littafi na ajiye ina rubuta adadin abin da na harba a kowace fita. Baffa yakan dube ni ya yi shiru. Sau ɗaya ne ya ce mini, “Ɗana, cikin gidanmu bai ƙaru ba, me za ka yi da goma?” Na ɗauka tsufa ne ya fara kama shi.

Shekaru da yawa bayan haka, ina karatun digiri na uku, na ci karo da wani bincike da wasu malamai biyu na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, Robert Jackson da Robert Norton, suka gudanar a ƙarshen shekarun 1970, inda suka tattauna da mafarauta fiye da dubu. Sun lura cewa mafarauci yakan bi ta matakai biyar. Da fari burinsa ya ji ƙarar bindigarsa kawai. Daga nan sai ya koma neman yawa, ya cika adadin da doka ta yarje masa. Sai matakin zaɓe, inda ba ya harbin komai sai babbar dabba mai manyan ƙahoni wadda zai yi alfahari da ita. Na huɗu shi ne lokacin da hanyar farautar ta fi dabbar muhimmanci a wurinsa, har ya riƙa tsananta wa kansa, ya ajiye bindiga ya ɗauki baka. A mataki na ƙarshe kuwa, fitar kanta, da zama cikin daji, da abokan tafiya, da koyar da na baya, su ne ladan da yake nema. Masu binciken ba su ce dole kowa ya bi matakan nan a jere ba, kuma akwai wanda zai tsufa bai wuce na biyu ba. Da na karanta sai na yi murmushi, don na ga kaina a ciki ƙarara, na kuma ga Baffa, wanda bai taɓa zama a aji ba, yana zaune a mataki na biyar tun ina yaro.

Amma ba littafi ne ya sauya ni ba. Wata gada ce. Ina da shekara ashirin da shida, wata safiya a farkon rani, muna tafe a gefen wani rafi da ya fara ƙafewa, sai na hango motsi a gindin wata geza. Ban tsaya na duba ba, na ɗaga bindiga na ja kunama. Duk maharbin ƙwarai ya san cewa namijin gada ne ke da 'yan gajerun ƙahoni, macen galibi ba ta da su, kuma ya san cewa idan ta haihu takan ɓoye ɗanta cikin ciyawa ta tafi kiwo a kusa, ta riƙa dawowa tana ba shi nono. Ni ma na san wannan, zumuɗi ne ya hana ni dubawa. Da muka isa na yanka ta, Baffa ya juya ta ya nuna mini hantsarta cike da nono. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, “Ka kashe biyu, za ka ɗauki ɗaya.” Muka shafe fiye da sa'a guda muna kewaya wurin muna neman ɗan, ba mu gan shi ba. Na san dila ko yunwa, ɗayansu zai riga mu. Da daddare aka dafa naman, aka zuba mini, na kasa kai loma. Ban sake buɗe ɗan littafin nan nawa ba.

Ba a ranar na daina harbi ba, kuma har yau ban ce na daina ba. Abin da ya sauya shi ne na fara kallo kafin in ɗaga bindiga, da na fara kallo kuwa sai na gane cewa shekara goma sha huɗu ina shiga dawa ban san ta ba. Sai a lokacin na zama ɗalibin Baffa na haƙiƙa. Ya koya mini karanta sawu: yadda gefen sawun da aka taka da asuba yake da kaifi, na jiya kuwa iska ta riga ta share bakinsa. Ya koya mini in ɗebi ƙura in sake ta don in san inda iska ta dosa, domin dabba da hanci take tsaron ranta, wanda duk ya biyo ta ta inda iska ke kai mata warinsa ya yi aikin banza. Ya nuna mini bambancin kashin gada da na zomo, da inda beguwa ta yi tono, da yadda tsit ɗin da tsuntsaye kan yi farat ɗaya ke nuna cewa wani abu na wucewa. Ya sanar da ni lokacin da kanya da ɗinya da tsada ke zubar da 'ya'ya, da dabbobin da ke zuwa cinsu. Wata rana ya ciro mini wani tsohon kan burtu daga cikin tarkacensa, irin wanda maharban da ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su duƙa suna tafiya suna sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su isa kusa da dabba ba ta tsorata ba. Na riƙe shi a hannu ina tunanin irin haƙuri da zurfin lura da mutum zai yi kafin ya iya kwaikwayon tsuntsu har ya ruɗi barewa. Wannan ilimi ne na gaske, ko da yake ba a ba da takardar shaida a kansa.

Akwai wata safiya, shekaru kaɗan da suka wuce, da nake ɗauka a matsayin ranar da na fi kowace cin ribar farauta. Mun yi sallar asuba a bakin daji, muka je muka zauna a gindin wata kanya da ke kallon wani ɗan tafki, sanyi na ratsa ƙashi. Gari ya fara wayewa, fakara suka fara kiran juna, hasbiyoyi suka sauko shan ruwa. Can sai ga namijin gada ya fito, ƙahoninsa a fili, yana taku ɗaya yana tsayawa yana kaɗa kunne. Tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi taku ashirin ba, iska kuma tana gare ni. Na ɗora bindiga, na daidaita, na san cewa in na ja kunama ba zan kuskure ba. Sai na tambayi kaina ko akwai wanda zai kwana da yunwa a gidanmu in ban harba ba. Babu. Na sauke bindigar a hankali, na zuba masa ido har ya sha ruwansa ya koma. Duk abin da maharbi ke nema na riga na samu: na karanta sawu daidai, na zaɓi wuri daidai, na yi haƙuri, dabbar ta zo har gabana ba ta san da ni ba. Abin da ya rage nama ne kawai, nama kuwa akwai shi a kasuwa. Baffa bai ce uffan ba sai da muka kama hanyar gida, sannan ya ce, “Yau ka yi farauta.”

Mai karatu na iya cewa wannan labarin mutum ɗaya ne da zuciyarsa, me ya kawo shi shafin jarida? Abin da ya kawo shi shi ne dawar da muke magana a kanta tana ƙarewa a kan idonmu. Baffa yakan ba ni labarin gwanki da kanki da ya gani da idonsa yana saurayi a wuraren da yau gonakin masara ne. Ni ban taɓa ganinsu a can ba, 'ya'yana kuwa sai a hoto. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 56 ba, yau mun haura miliyan 200, kuma kowa na bukatar gona da itacen girki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya ba su fi kimanin 400 ba, a Nijeriya kuma sai a Yankari da gandun Kainji kaɗai. Mariri, wanda sunansa ke cikin harshenmu, an ayyana shi a shekarar 2000 a matsayin dabbar da ta ƙare a daji, sai a gidajen ajiyar dabbobi. Sauran dazuzzukan da suka yi saura, irin su Rugu da Kamuku da Kuyambana, 'yan bindiga sun mayar da su mafaka. Mafarautan Arewa a yau sukan yi doguwar tafiya har dazuzzukan Kudu, kuma ba mu manta da mutum 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 suna kan hanyarsu ta komawa Kano ba, Allah ya jiƙansu. A irin wannan hali, mafaraucin da har yanzu yake auna kansa da yawan abin da ya rataya, gatari yake sa wa reshen da yake zaune a kai.

Dawa kuwa tana farfaɗowa idan aka ɗaga mata ƙafa. A yankin Kure da ke kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har zuwa 49 a 1996, amma da hukuma da mutanen ƙauyukan suka haɗa kai wajen kare su, sai da suka haura 600. An fara mayar da mariri dajin Chadi a 2016, ya hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. A Amurka, barewarsu mai farar wutsiya ba ta wuce rabin miliyan ba a farkon ƙarni na 20, yau ana maganar kimanin miliyan 30, kuma mafarauta na cikin waɗanda suka goyi bayan dokar 1937 da ta ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai don a kashe kuɗin wajen raya namun daji. Mu ma ba dokoki muka rasa ba. An keɓe Yankari tun 1956, aka buɗe ta ga jama'a a 1962. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, gwamnatin tarayya ta yi ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka kuma yi mata gyara a 2016. Amma babu ma'aikacin gandun daji da zai tsaya a bayan kowane maharbi a gindin kowace kanya. A daidai lokacin da yatsa ke kan kunama, dokar da ke aiki ita ce wadda ke cikin zuciyar mai bindigar.

Akwai ƙorafi biyu da na san za a yi mini, kuma dukansu suna da nauyi. Na farko, za a ce mai albashi ne ke wa'azin ƙoshi. Gaskiya ne. Mutumin da gafiya ko zomon da ya kamo shi ne kaɗai naman da 'ya'yansa za su gani a wata, ba ni da bakin ce masa ya sauke gora ya tsaya kallon tsuntsaye, kuma ba shi nake nufi ba. Sai dai in tuna mana cewa Baffa talaka ne, da farauta ya ciyar da iyalinsa shekaru masu yawa, amma shi ne ya ƙi harbin mace mai ciki ko mai shayarwa, ya ƙi shiga dawa da damina lokacin da yawancin dabbobi ke da ƙanana. Ya yi hakan ne don ya san baɗi ma zai bukaci dawar. Wanda ya dogara da daji shi ya fi kowa asara idan dajin ya mutu. Waɗanda nake kuka da su su ne masu cinna wa daji wuta saboda ɓera, masu haske dabba da fitila cikin dare, masu zuba guba a mashaya, masu ɗana tarkon waya ɗari su manta da rabinsu, da kuma masu hali irina na da, waɗanda ke kisa don a gani a yaba, yanzu ma har da ɗora hoto a Facebook.

Ƙorafi na biyu daga wani malamin fiƙihu ya zo mini. Ya tuna mini cewa a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, farauta don wasa makaruhi ce, wadda aka halatta ita ce ta bukata. Ya ce, to wanda ya ce daɗin fitar yake nema, ba nama ba, ashe bai faɗa cikin wasan ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Fahimtata ita ce, abin da ake ƙi shi ne a ɗauki ran dabba don nishaɗi, kuma ai sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Idan haka ne, wanda ya fi kusa da wasan shi ne ni na da, mai zubar da fakara goma alhali biyu sun ishi gida. Wanda ya shiga dawa ya yi tafiya, ya lura, ya yi tunani a kan halittar Ubangiji, ya harbi abin da zai ci kaɗai ko ya dawo bai harbi komai ba, bai ɗauki ran kowa don wasa ba. Malamin bai ce ya gamsu gaba ɗaya ba, amma ya ce a nan ɗin ba shi da ja.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ƙungiyoyin mafarauta da masu riƙe da sarautun Sarkin Dawa da Sarkin Baka suna da faɗa a ji a wurin mabiyansu fiye da kowace takardar gwamnati. Su ne za su iya tsayar da lokacin da ba a shiga dawa, su hana wuta da guba da fitila, su mayar da harbin mai shayarwa abin kunya kamar yadda yake a da, su kuma sa a riƙa yi wa mai haƙuri kirari kamar yadda ake yi wa mai yawan kamu. Mu kuma da ke jami'o'i, musamman sassan nazarin halittu da labarin ƙasa da harshen Hausa, ya kamata mu tura ɗalibanmu su zauna da tsofaffin maharba su rubuta abin da suka sani na sunayen dabbobi da itatuwa da halayensu, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga shi nan a ƙauyensu yana zaune a kan buzu.

Baffa ya tsufa yanzu, gwiwa ta hana shi shiga dawa, idonsa ma ya rage. A hunturun bara na tafi da babban ɗana, mai shekara goma sha uku, karo na farko. Tun a mota yake tambayata me za mu kashe, ban kuma hana shi ba, don na san daga nan kowa ke farawa. Mun yi kwana biyu muna yawo, muka dawo da fakara ɗaya. Da muka shiga zaure, Baffa bai tambaye shi abin da ya kamo ba. Cewa ya yi, “Zo nan, abokina, gaya mini abin da ka gani.” Yaron ya zauna ya fara lissafa masa sawun dila a bakin rafi, da ramin beguwa, da wani guza da ya gani yana shan hantsi a kan dutse, tsohon yana gyaɗa kai yana gyara masa sunaye, har aka kira magariba ba su gama ba. Allah ya ba mu ikon bar wa jikokinmu dawar da su ma za su shiga su dawo da labari.